RA'AYINMU: Na Zaune Bai Ga Gari Ba

Duk sa'ad da zangon karatu ya doshi ƙarewa, yara da yawa a makarantun Ikko da Badun da Fatakwal da Inugu sukan koma gida riƙe da 'yar takarda daga hedimasta. Abin da ke cikinta bai wuce sanarwa ba cewa ranar kaza za a kai 'yan aji kaza ziyarar ilmi zuwa wuri kaza, ana roƙon uba ya sa hannu, ya kuma biya kuɗin mota. A gidajenmu na Sabo da Agege da Idi Araba da Ama Hausa, ƙarshen wannan takarda sananne ne. Maigida ya dawo daga kasuwa a gajiye, a karanta masa, ya ce shi karatu ya tura yaro, bai tura shi yawo ba. Ranar tafiya mota ta cika ta tashi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar makaranta a irin wannan safiya ya san 'ya'yan wa aka fi bari a baya.

Mu a nan muna ganin wannan kuskure ne, kuma kuskure mai tsada, ko da yake mun san ba ƙiyayya ce ta kawo shi ba. Don haka muke kira ga 'yan'uwanmu mazauna Kurmi da su sake tunani a kan wannan al'amari, su sa hannu a takardar, su kuma tsaya da kansu su ga an yi tafiyar yadda ta kamata.

Dalilinmu na farko shi ne halin da 'ya'yanmu suke ciki. Mu da muka zo nan da wayonmu muna da garin da muka baro. Mun san ƙofofinsa, mun san kan iyakar gonakinsa, mun ji labarin kafuwarsa daga bakin tsofaffi. Yaron da aka haifa a nan ba shi da wannan gado. In an je gida hutun Salla, 'yan'uwansa su kira shi ɗan Kurmi, su yi dariyar Hausarsa. In an dawo, abokan karatunsa su kira shi ɗan Arewa. Garin da ya taso a ciki bai san shi ba, in ban da hanyar da ta tashi daga gida zuwa makaranta, daga makaranta zuwa rumfar ubansa. Garin iyayensa kuwa ba ya ganinsa sai ta tagar mota. Ya zama baƙo a wuri biyu ke nan, kuma yaron da ba ya jin ƙasa tasa ce a ko'ina yana da sauƙin ja ga duk mai mugun nufi.

Daɗin daɗawa, makaranta ma ta daɗe ba ta taimaka masa ba. Wajen shekarar 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan, aka yi fiye da shekara goma yara suna gama karatu ba tare da an zaunar da su an gaya musu yadda Nijeriya ta samu ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da mayar da darasin, kuma wannan abin yabo ne. Amma tarihin da ya tsaya a kan allo, shekaru da sunaye da ake haddacewa don jarrabawa, ba ya daɗewa a ka. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron da ya taɓa abu da hannunsa, ya tsaya inda aka yi shi, ya tambayi mai tsaron wurin, zai riƙe shi har tsufansa.

Wani zai ce, to ina ruwan ɗana da tarihin Yarbawa ko na Ibo? Amsarmu ita ce, wanda ya faɗi haka bai san yawan tarihinsa na kansa da ke binne a garuruwan nan ba. Bari mu kawo misalai kaɗan.

A Onikan, cikin tsakiyar Ikko, akwai gidan ajiye kayan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1957. A can aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da ramukan harsasai a jikinta. Mutum nawa ne daga cikinmu suka raɗa wa 'ya'yansu sunan Murtala, alhali ba su taɓa kai su su ga wannan mota ba, ga ta nan tafiyar da ba ta kai ta yini ba? A gidan kuma akwai sassaƙen yumɓu na mutanen Nok, waɗanda aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza a kudancin jihar Kaduna ta yanzu, kuma shekarunsu sun haura dubu biyu. Kayan Arewa ne, baƙi daga Turai da Amurka suna biyan kuɗin jirgi su zo su gani, 'ya'yanmu kuwa ba su san da su ba.

Har wa yau a Ikko ne, a 1863, wani Bature mai suna Glover ya tara 'yan tsirarun mutanen Arewa ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma daga wannan ƙaramar runduna sojan Nijeriya suke ƙirga asalinsu. Watau ke nan zaman Bahaushe a Ikko ya girmi ita kanta Nijeriya, wadda aka haɗa a 1914. Yaron da ya san haka, in an ce masa shi baƙo ne, yana da amsa, kuma amsa ta ilmi, wadda ba ta bukatar zagi ko dambe.

A Badagry, yamma da Ikko, akwai gidan benen da 'yan mishan suka gina a 1845, da kayayyakin zamanin cinikin bayi, sarƙoƙi da mari, da hanyar da ake bi da bayi a ƙetare ruwa zuwa bakin teku. Daga Badagry ne Bature Clapperton ya kama hanya a Disamba 1825, ya ratsa ƙasar Yarbawa, ya bi ta Kano har Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya mutu a Afrilu 1827. Kuma daga cikin bayin da aka ɗora a jiragen ruwa a wannan gaɓa akwai Hausawa da yawa, har suka yi ta tayar da bore a Bahiya ta ƙasar Birazil a farkon ƙarni na 19. Labari ne mai ɗaci, domin mutanenmu suna cikin waɗanda aka sayar, suna kuma cikin waɗanda suka sayar. Amma gara yaro ya ji shi daga bakin malami mai hankali, yana tsaye a wurin, da ya tsince shi a waya daga bakin mai neman haɗa faɗa.

A Ebute Metta, cikin harabar hukumar jiragen ƙasa, akwai tsohon gida da aka mayar ƙaramin gidan tarihin dogo. Layin da ya tashi daga Ikko ya isa Badun a 1901, Kano kuma ta ga jirgin ƙasa a 1911. Wannan dogo shi ya sauko da gyaɗa da fata da shanu, ya hau da goro da gishiri da tufa, shi ne kuma ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu. A Badun, unguwar Sabo an kafa ta tun 1916. In aka hau da yara hasumiyar Bower da ke kan tudun Oke Are, wadda aka gina a 1936, za su ga birnin gaba ɗaya a shimfiɗe, malami ya nuna musu unguwarsu da yatsa, su ga ashe ita ma wani yanki ce na garin, ba tsibiri ba.

Gabas ma haka abin yake. Yaranmu na Inugu nawa ne suka san cewa magajin garin Inugu na farko, a shekarun 1950, Bafillace ne daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, kuma ƙuri'ar mutanen garin ce ta ɗora shi? Nawa ne aka taɓa kai su Iva Valley, inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 ranar 18 ga Nuwamba, 1949, abin da ya ƙara wa neman 'yancin kai wuta a ƙasa baki ɗaya? A Umuahia akwai gidan tarihin yaƙi, inda aka tara makaman yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Yaron da ya ga waɗannan kaya da idonsa, aka kuma gaya masa abin da yaƙin ya ci na rayuka a kowane ɓangare, ba zai tashi yana ɗaukar maganar yaƙi da wasa ba. A Binin akwai ganuwa da gwalalo irin waɗanda muka sani a Kano da Zariya, akwai kuma labarin yadda sojan Ingila suka kwashe kayan tagulla na fadar a 1897, da yadda aka soma dawo da su, har ƙasar Holan ta mayar da guda 119 a 2025. A Kalaba, 'yan unguwar Bogobiri ba su da nisa da tsohon gidan Razdan na 1884, wanda yanzu gidan tarihi ne.

Wannan ke nan game da tarihi. Akwai kuma ilmin daji, wanda shi ma yake neman kuɓuce wa 'ya'yanmu. Mu da muka tashi a karkara ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana bambancin kanya da kaɗanya, ko gawo da ɗorawa, ko lokacin da magarya take nuna. A wajen kiwo da itace da ɗiban ruwa muka koya. Yaron da ya girma a ɗaki ɗaya a Agege, tsakanin kwata da kwalta, bai san itatuwan Arewa ba, bai kuma san na Kurmi ba. Abin mamaki, ubansa ya shekara talatin yana sayar da goro, shi kuma ya iya fasa huhu da zaɓe da jiƙa ganye, amma bai taɓa ganin itacen goro ba, alhali gonakinsa suna nan kusa a ƙasar Shagamu. Da za a kai yara gonar goro yini ɗaya, manomi ya nuna musu yadda ake tsinko kwanson, a fasa, a jiƙa, a ɓare, sa'an nan wani dattijo daga cikin 'yan goro ya ba su labarin zamanin da fatake suke tafiya wata da watanni zuwa Gwanja a kan jakuna kafin a soma nomansa da yawa a ƙasar Yarbawa, da sun sami darasin aikin gona da na ciniki da na tarihi a zama ɗaya.

Wuraren irin wannan ba su da wuyar samu. A Lekki akwai gandun daji mai faɗin hekta 78 da aka keɓe tun 1990, da birai da kadoji da tsuntsaye, da gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke ratsa saman itatuwa. Jami'ar Badun, wadda aka kafa a 1948, tana da gidan namun daji da lambun itatuwa. A Abekuta akwai dutsen Olumo, wanda Egbawa suka fake a kogunansa lokacin yaƙe-yaƙe, suka kafa garinsu a gindinsa wajen 1830, har sunan garin ma ma'anarsa ƙarƙashin dutse. Yaron da ya hau Olumo, ranar da aka kai shi Dala ko Kufena zai gane da kansa dalilin da ya sa mutanen dā suke kafa gari a gindin dutse, ko a Kudu ko a Arewa.

Mun san iyaye suna da hujjojinsu, kuma ba za mu raina su ba. Ta farko kuɗi. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, kuma mai 'ya'ya shida a makaranta ba daidai yake da mai ɗaya ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, abin da muke kashewa a anko da liƙi a biki guda ya isa ya kai yaro ziyara shekara biyu. In kuma da gaske babu, akwai hanyar da za mu ambata nan gaba.

Hujja ta biyu tsoro, kuma ita ce mafi ƙarfi. Wanda ya ji labarin ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020, ko harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022, ko ya ga irin haɗarin da ake yi a manyan hanyoyinmu, ba za a zarge shi ba in ya riƙe ɗansa a gida. Shi ya sa muka ce a fara da na kusa, a tafi da safe a dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Kuma haƙƙin kowane uba ne ya je makaranta ya yi tambaya kafin ya sa hannu. Wace mota za a shiga, kuma wa ya duba lafiyarta? Direban sananne ne? Yara nawa ne, manya nawa za su raka su? A ganinmu bai kamata babba ɗaya ya riƙe fiye da yara goma ba. Akwai akwatin magani? An rubuta sunan kowane yaro da lambar wayar iyayensa? In za a shiga kwalekwale, kamar a Badagry, kowane yaro yana da rigar ruwa? Hedimastan da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, kada a ba shi yaro. Wanda ya amsa su dalla dalla, an sami abokin aiki.

Hujja ta uku ta tarbiyya ce, musamman game da 'ya'ya mata, da kuma wuraren da ke da gumaka ko tsafi. Game da 'yan mata, maganin abin shi ne malamai mata da iyaye mata su shiga cikin 'yan rakiya. Hana yarinya tafiya alhali an bar ƙanenta ya je, rashin adalci ne, domin ita ce za ta ba 'ya'yanta labari gobe. Game da gumaka kuwa, kallon abu don sanin yadda mutanen dā suka zauna ba bauta masa ba ne, kuma uban da zuciyarsa ba ta kwanta da wani wuri ba yana iya neman a zaɓi wani, tun da wuraren suna da yawa. Mu tuna cewa tafiya don neman sani al'adarmu ce tun fil azal. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa sai da ya tafi har Agadas wurin Malam Jibrilu. Ba a banza aka ce tafiya mabuɗin ilmi ba.

Su ma makarantu akwai laifinsu, kuma wajibi ne mu faɗa. Wasu sun mayar da ziyarar ilmi hanyar tatsar iyaye. A karɓi kuɗi mai yawa, a cusa yara a tsohuwar mota, a kai su babban kanti ko wurin lilo, su sha alewa, a ɗauki hoto a dawo. Wannan shi ne yawon banzan da iyaye suke faɗa, kuma suna da gaskiya. Ziyarar ilmi tana da ƙa'ida. Malami ya fara zuwa wurin shi kaɗai ya gani. Ya shirya yara mako guda kafin tafiya, ya gaya musu abin da za su tarar, ya ba kowa tambayoyin da zai nemo amsarsu. Kowane yaro ya riƙe littafi da fensir. In an dawo, a rubuta abin da aka gani, a zana, a karanta a gaban aji, a kuma aika wa iyaye su gani. Uban da ya ga abin da kuɗinsa ya saya, baɗi ba sai an roƙe shi ba.

Sai mu juyo ga shugabanninmu. Muna kira ga Sarakunan Hausawa na garuruwan nan, da ƙungiyoyin 'yan goro da 'yan shanu da 'yan gwari da direbobi, da masu makarantun Islamiyya, da su ɗauki wannan aiki nasu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar da take iya tara kuɗi ta yi wa ɗan'uwa belin kaya, ko ta kai gawa gida, tana iya ɗaukar hayar mota biyu sau ɗaya a shekara don 'ya'yan marasa hali da marayu. Direbobinmu suna da motoci, sun kuma san hanya. Kuma muna da wata dukiya da babu ita a gidan tarihi ko ɗaya, watau tsofaffinmu, waɗanda suka zo Kurmi tun suna samari, suka ga zamanin jirgin kwal, suka ga yaƙi, suka ga yadda aka yi zaman lafiya da yadda aka ɓata shi aka kuma gyara. A sa ɗaya daga cikinsu a kowace mota. A kuma sa yaran sakandare su rubuta abin da ya faɗa, domin kullum ana binne irin waɗannan mutane da labarinsu.

Ga hukuma kuma, muna roƙon Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da ma'aikatun ilmi na jihohi, da su sauƙaƙa wa 'yan makarantun gwamnati kuɗin shiga, su ware ranaku na musamman dominsu, su kuma sami masu bayani da ke jin manyan harsunan ƙasar nan. Kayan da ke cikin gidajen nan na 'yan Nijeriya ne duka, kuma gidan tarihin da yara ba sa shiga, ma'aji ne kawai.

Daga ƙarshe, in Allah ya kai mu hutu aka tafi gida da iyali, a ware yini ɗaya daga cikin kwanakin gaishe-gaishe, inda hanya take da lafiya. Na Kano ya kai yara Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, ya hau Dala da su. Na Katsina ya nuna musu Gobarau, ya ƙarasa Daura su ga rijiyar Kusugu. Na Sakkwato ya kai su Hubbare. Na Bauci ya kai su kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, in da hali su wuce Yankari su ga giwa, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Yaron da ya ga Olumo ya ga Dala, ya ga ganuwar Binin ya ga badalar Kano, shi zai gane cewa yana da gida a nan, yana da gida a can.

Saboda haka, 'yan'uwa, in takardar hedimasta ta sake zuwa, kada a cusa ta ƙarƙashin tabarma. A je makaranta, a yi tambaya, a biya, in da hali ma a bi su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuriya, ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya.